Maganin birus: abin da yake yi, da abin da ya kamata mai kiwo ya sani

Darasinmu na wannan karo ya taso ne daga wata tambaya da wani dattijo ya yi mini ranar kasuwa.

Ya iske ni wurin aiki da hantsi, riƙe da leda cike da kwalaben allura da babu kome a ciki. Ya ce: "Likita, awakina suna ƙarewa. Allura ukku na yi musu, na ba su kafso, amma kullum sai na fid da mushe." Na ce: "Baba, yaushe abin ya fara?" Ya ce kwana 5 ko 6 bayan ya sayo akuya biyu daga kasuwa ya zuba cikin garke. Muka hau babur muka tafi. Na iske awaki da kwantsa a ido, majina ta toshe hanci, baki duk gyambo, gindi ya ɓaci da zawo. Na sa ma'aunin zafi, ya nuna 41. Annobar ƙananan bisashe ce, wadda muke kira PPR.

Na ce masa cutar birus ce, allurar da ya saya ba ta kashe birus. Ya yi shiru, can ya ce: "To ai na ji a rediyo an ce masu sida suna da maganin da ke danne birus ɗinsu. Mi ya hana ku kawo muna irinsa na awaki? Ko nawa ne sai in saya."

Tambaya ce mai kyau, kuma na san da yawa cikinku suna da ita a zuci. Shi ya sa na ga ya dace in amsa ta a nan dalla-dalla.

1. Masu kawo cuta iri uku ne

Kafin a yi zancen magani, sai an san abin da za a kashe. Abubuwan da ke shiga jikin bisa su sa ta ciwo, mafi yawansu iri uku ne.

Na farko su ne masu shan jini da cin abincin bisa: tsutsar ciki, kaska, ƙwarƙwata, da ƙwayar sammore da ke yawo cikin jini. Waɗannan suna da magani, kun san shi, kuma yana aiki in an ba da shi daidai.

Na biyu su ne bakteri. Ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani sai da madubin likita. Suna ci, suna hayayyafa da kansu. Su ke kawo saifa, da harbin daji, da ciwon huhun shanu, da ruɓewar gyambo. Maganin da ke kashe bakteri shi ne antibiyotik, kamar oksitetrasiklin da penisilin.

Na uku su ne birus. Sun fi bakteri ƙanƙanta nesa ba kusa ba, ko madubin da ke wurin aikinmu ba ya nuna su. Birus na farko da aka gano a jikin dabba shi ne na ciwon baki da kofato, wanda wasu ke kira boru. Wasu masana biyu na Jamus, Loeffler da Frosch, su suka gano shi a 1898. Sun tace ruwan ƙurjin da matacin da ke tare bakteri, amma ruwan da ya wuce ya ci gaba da sa shanu ciwo.

Cututtukan birus da muke fama da su a nan su ne: PPR ta awaki da tumaki, ciwon baki da kofato, aganar tumaki da awaki, ciwon ƙulluttan fata na shanu, zazzaɓin Rift, haukan kare, annobar kaji da ake kira Niyukasal, da murar tsuntsaye. Bushiya da ta cinye shanun kakanninmu, ita ma birus ce.

Ku riƙe wannan tun yanzu: antibiyotik ba ya taɓa birus. Ko kwalba goma aka zuba wa akuya, birus ɗin yana nan yadda yake.

2. Yadda birus ke zama cikin jiki

Bakteri kamar ciyawa ce a gona. Tana da saiwarta dabam, ana iya nome ta a bar hatsi. Birus kuwa kamar kauci ne a bisa itace. Ba ya iya rayuwa shi kaɗai, sai ya maƙale ya sha daga jikin wani.

Jikin bisa, da na mutum, an gina shi da ƴan ɗakuna ƙanana marasa iyaka, waɗanda ake kira ƙwayoyin jiki. Birus ba ya ci, ba ya sha, ba ya haihuwa da kansa. Ga abin da yake yi:

Da farko ya maƙale a ƙofar ɗakin, ya shiga.
Sa'an nan ya tuɓe rigarsa, ya fito da saƙon da yake ɗauke da shi.
Saƙon ya tilasta wa ɗakin ya bar aikinsa, ya koma ƙera sababbin birus da kayan aikinsa.
Daga ƙarshe sababbin su fito da yawa, su faɗa wasu ɗakunan.

Wannan aiki yana tafiya kwanaki kafin mai garke ya ga wata alama. Ga PPR, kwana 4 zuwa 6 ne tsakanin shigar birus da fara zazzaɓi. Ranar da ka ga kwantsa a idon akuya, birus ya riga ya cika jikinta, kuma ta riga ta fara rarraba shi ga ƴan uwanta ta majina da tari.

Kun ga wahalar ke nan. Abokin gaba yana cikin ɗakinka, yana aiki da turminka da taɓaryarka. Duk abin da za ka jefe shi da shi yana iya fasa kayanka. Shi ya sa aka daɗe da samun antibiyotik kafin a samu maganin birus mai aiki.

3. Maganin birus na mutane

Gaskiyar dattijon nan ne, maganin birus yana nan. Likitoci suna kiransa antibiral. Na farko da aka yarda da shi ya fito a 1963, na ɗigawa a ido ne. Amantadin na mura mai tsanani ya biyo baya a 1966. A farkon shekarun 1980 asiklobir ya fito, na ƙurajen da ke fesowa a leɓe da al'aura. AZT, maganin farko na sida, ya fito a 1987. A 1996 aka fara haɗa magani uku wuri ɗaya, daga nan masu sida suka fara rayuwa mai tsawo. Oseltamibir, wanda aka fi sani da Tamiflu, ya fito a 1999. Sofosbubir na ciwon hanta nau'in C ya fito a 2013.

Yaya suke aiki? Mafi yawansu ba sa kashe birus kai tsaye. Hana shi yaɗuwa suke yi, ta tare shi a ɗaya daga cikin matakan da na lissafa.

Wasu suna hana shi shiga ɗaki, ko su hana shi tuɓe riga. Amantadin haka yake yi.

Wasu suna ɓata masa tufka. Saƙon birus kamar igiya ce da ake tufkawa zare bayan zare. Maganin yana kama da zaren gaske, sai birus ya ɗauka ya sa cikin igiyarsa, tufkar ta tsaya a nan ba ta ci gaba. Asiklobir, AZT, tenofobir da sofosbubir duk haka suke aiki.

Wasu suna dakushe masa almakashi. Birus yana da abin da yake yanka kayansa da shi kafin ya haɗa sabon jiki. In an dakushe shi, sababbin sai su fito nakasassu. Wasu magungunan sida, da Paxlovid na cutar korona da ya fito a ƙarshen 2021, suna cikin wannan rukuni.

Wasu kuma suna rufe ƙofar fita. Tamiflu yana hana sababbin birus na mura su saku daga ɗakin da aka ƙera su.

In magani ya rage yawan birus, sai garkuwar jiki ta samu sarari ta ƙarasa aikin.

Akwai ƙa'idoji uku da suka hau kan duk waɗannan magunguna.

Ta farko: kowane magani da birus ɗinsa. Kamar makulli ne da kwaɗonsa. Maganin mura ba ya yi wa sida kome. Maganin hanta nau'in C ba ya warkar da nau'in B. Antibiyotik ɗaya kan kashe bakteri iri da yawa, amma maganin birus ba kasafai yake haka ba.

Ta biyu: lokaci. Tamiflu ya fi amfani in an fara shan sa cikin awa 48 da fara ciwo. Paxlovid cikin kwana 5. In an makara, amfaninsa kaɗan ne.

Ta uku: wani yana warkarwa, wani dannewa kawai yake yi. Maganin hanta nau'in C yana warkar da fiye da mutum 95 cikin 100, a sati 8 zuwa 12. Amma na sida da na hanta nau'in B dannewa suke yi. Mai sida da ke shan ƙwayarsa kullum yana iya rayuwa lafiya, ya yi aikinsa. In birus ya kwanta har gwaji ba ya ganin sa, ba ya sa wa iyalinsa ta kwanciya. Amma ranar da ya daina sha, birus zai farka, kuma yana iya dawowa da taurin da maganin ba zai sake jin sa ba.

A nan ina da kira ga masu tafiya da bisashe nesa. Duk wanda ke shan maganin sida ko na hanta, kafin ya tashi zuwa arewa da damina ko kudu da rani, ya je gidan likita ya faɗi tsawon tafiyarsa, ya nemi a ba shi na watanni. Kada ya bari ya yanke masa a daji. Kada kuma ya raba shi da wani.

4. Me ya sa babu irinsa na shanu da awaki

Babu maganin birus na PPR, ko na baki da kofato, ko na agana, ko na Niyukasal a kasuwa. Ba a Nijar kaɗai ba, har ƙasashen Turai da Amurka masu kiwo ba su da shi. Ga dalilai.

Kuɗi. Ana auna magani da nauyin jiki. Saniya mai kilo 250 tana buƙatar ninki 4 na abin da mutum mai kilo 60 zai sha. In cuta ta shigo, ba bisa ɗaya za a ba ba, garke duka ne, kwanaki a jere. Kuɗin magani zai fi kuɗin garken.

Lokaci. Mutum yana iya cewa "kaina yana ciwo" tun ranar farko. Akuya ba ta magana. Kafin a gane, lokacin da maganin zai yi amfani ya wuce.

Ɓoye cuta. Magani yana iya rage alamu, bisa ta yi kamar ta warke, alhali tana zubar da birus. A kai ta kasuwa ko bakin rijiya, ta sa wa garken wasu.

Nono da nama. Abin da aka ba bisa yana saura cikin nono da nama na wani lokaci, ya ƙare cikin cikin ƴaƴanmu.

Inda ake amfani da maganin birus ga dabba, a ƙasashe masu arziki ne, ga kyanwa ko doki mai tsada, dabba ɗaya-ɗaya a hannun likita. Wannan bai shafi garke ba.

Saboda haka duk wanda ya shimfiɗa tabarma a kasuwa ya nuna maka kwalba ya ce "wannan maganin birus ne na bisashe", ka riƙe kuɗinka. Abin da ke ciki ko antibiyotik ne, ko bitamin, ko ruwa mai launi.

5. Kada a ba bisa maganin birus na mutane

An taɓa yi, kuma an ga sakamako. A ƙasar Sin, masu gonakin kaji sun daɗe suna zuba amantadin cikin ruwan shan kaji don tsoron murar tsuntsaye. Birus ɗin ya saba da shi. Lokacin da murar H5N1 ta fara kashe mutane a kudu maso gabashin Asiya, wajen 2004, an iske amantadin ba ya jin yawancin birus ɗin can. A 2005 hukumar lafiya ta duniya OMS, da FAO, da hukumar lafiyar dabbobi ta duniya suka yi kira da a daina ba dabbobi magungunan birus na mutane. A 2006 Amurka ta haramta ba kaji da talotalo da agwagi irin waɗannan magunguna na mura.

A Yuganda kuma an samu masu ba aladu da kaji maganin sida wai don su yi ƙiba. Hukumar magunguna ta ƙasar ta amsa haka a gaban majalisa a 2023.

Yadda taurin ke samuwa abu ne mai sauƙin ganewa. Birus yana ƙera kansa da gaggawa, kuma cikin ƙirar ana samun kuskure. Cikin dubbai, sai a samu ɗaya da maganin ba ya kama shi. In ana ba da magani kaɗan-kaɗan ba bisa ƙa'ida ba, masu rauni su mutu, mai taurin ya rage, ya hayayyafa, ya cika wuri. Ranar da ɗanka ko matarka suka buƙaci maganin, sai a iske ya zama banza.

6. "Amma na yi allura, kuma ta warke"

Na sha jin wannan magana, kuma ba ƙarya mai faɗin ta yake yi ba. Abu biyu ne ke faruwa.

Na farko, wasu cututtukan birus suna wucewa da kansu. Ciwon baki da kofato ba kasafai yake kashe manyan shanu ba. Cikin sati 2 gyambon baki yakan fara warkewa, da allura ko babu. Ƴan maruƙa ne yake kashewa, don yana taɓa musu zuciya. Mai shanu ya yi allura rana ta 5, saniya ta fara kiwo rana ta 10, sai a ba allura yabon da na jikin saniya ne.

Na biyu, birus yana buɗe wa bakteri ƙofa. PPR tana ɓata huhu, bakteri su shigo su ƙara. Gyambon kofato ya ruɓe, ƙuda su sa tsutsa. A nan antibiyotik yana da amfani, yana iya cetar wasu bisashe. Amma ya kasance ma'aikacin kiwo ne ya duba ya ce a yi. A ba da shi bisa nauyi: oksitetrasiklin mai daɗewa na kashi 20 cikin 100, mililita 1 ne ga kowane kilo 10. A kiyaye kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba kafin a sha nono ko a yanka. Ga nama, sau da yawa sati 3 ne ko fiye.

Rabin allura, ko kafso ɗaya da aka fasa cikin ruwa, ba ya warkarwa. Koya wa bakteri tauri kawai yake yi.

Ciwon huhun shanu ma ku yi hattara da shi. Ko da yake bakteri ne, allura takan ɓoye shi, saniya ta zauna da shi cikin huhu tana rarrabawa. In kun ga alamarsa ku sanar, kada ku yi ta allura da kanku.

7. To mene ne a hannunmu

Abu huɗu: rigakafi, keɓewa, jinya, da sanarwa.

Rigakafi. Allurar rigakafi ba magani ba ce. Tana nuna wa jiki kamannin birus tun bai zo ba, jiki ya shirya. Ana yin ta ga bisa mai lafiya, kuma sai bayan sati 2 zuwa 3 take kama sosai. Wanda ya jira sai cuta ta shiga garke, ya makara.

Ku dubi bushiya. Ba a taɓa samun maganinta ba. Da allurar rigakafin da Walter Plowright ya haɗa aka yaƙe ta, tun gangamin da aka fara a yankin tafkin Cadi a 1962, har wanda aka sake yi a Afirka daga 1986. A 2011 aka bayyana cewa ta ƙare a duniya baki ɗaya. Dattawa da suka ga ana yi wa shanu alama a kunne sun san wannan aiki. PPR ƴar uwar bushiya ce. A 2015, a Abijan, ƙasashe suka ɗau niyyar kawar da ita zuwa 2030. Allura ɗaya tana kare akuya ko tunkiya shekara 3 ko fiye. A nan gida, LABOCEL da ke Yamai ita ce cibiyar da ke binciken cututtukan bisashe da haɗa alluran rigakafi.

In ma'aikata sun zo gangamin shekara, a kawo garke duka, har ƙananan da suka wuce wata 3. Kada a ɓoye rabi a daji don tsoron ƙidaya. Kada a karɓi rigakafin da ya yini cikin rana. Yawancinsu sai cikin sanyi suke zama, kuma in an dama su, cikin awa 2 ake ƙare su. Kaji a yi musu ta Niyukasal kafin sanyin hunturu. Wadda ake ɗigawa a ido ana maimaita ta bayan wata 3 ko 4.

Keɓewa. Bisar da aka sayo ko aka ba ka kyauta, ko wadda aka kai kasuwa ba ta sayu ba, a ɗaure ta dabam sati 3, da kwanon ruwanta dabam. Bisar da ta fara ciwo a fid da ita daga garke nan take. Mai jinya ya fara da masu lafiya, ya ƙare da marasa lafiya, sa'an nan ya wanke hannu da sabulu. Kada a yi wa bisashe da yawa allura da tsinke ɗaya. Kada a kai mai ciwo rijiya ko kasuwa. Mushe a binne shi da zurfi, kada a yar wa karnuka.

Jinya. Tunda babu magani, jikin bisa ne zai yi yaƙin, mu kuma mu taimaka masa. A sa ta inuwa, inda babu iska mai ƙura. A ba ta ruwa mai tsabta sau da yawa, da ɗan gishiri kaɗan in tana zawo, don rashin ruwa a jiki yana cikin abin da ke kashe su. A ba ta abinci mai laushi: jiƙaƙƙiyar dusa, ganyen harawa, kunun hatsi da ya huce. A goge ido da hanci da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi don ta iya numfashi. A wanke gyambon baki da ruwan gishiri ko ruwan kanwa marar ƙarfi. A wanke kofato, a fesa maganin nan mai shuɗi, a tsare shi daga ƙuda. Ɗan da uwarsa ta kasa ba shi nono, a nemo masa.

Sanarwa. In bisashe da yawa sun kwanta lokaci ɗaya, ko ɓari ya yi yawa, ko kaji suna zubewa dare ɗaya, a gaya wa ma'aikacin kiwo mafi kusa ranar nan. Sanarwa da wuri ita ke sa a yi wa garkunan maƙwabta rigakafi kafin cutar ta isa gare su.

8. Waɗanda ke tsallakowa ga mutum

Uku daga cikin cututtukan nan suna kama mutane, kuma a nan ne rashin magani ya fi zafi.

Haukan kare. In alamu sun bayyana ga mutum, kusan babu mai tashi. OMS ta ƙiyasta yana kashe mutum wajen 59,000 a shekara a duniya, kuma kusan duka ta cizon kare ne. Amma ana iya tare shi kafin ya kai ga ƙwaƙwalwa. In kare ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, a tafi gidan likita ranar nan a fara allurar rigakafi, a kuma ƙarasa ta. Kada a jira a ga abin da zai faru. Saniya ko jakin da ke dalala yana kuka ba dalili, kada a sa hannu cikin bakinsa. Karnukan garke a yi musu rigakafi.

Zazzaɓin Rift. Sauro ke yaɗa shi tsakanin bisashe bayan ruwa mai yawa. Alamarsa ɓari da yawa lokaci ɗaya da mutuwar ƙanana. A 2016 ya ɓulla a jihar Tawa, wajen Cintabaradan da Tasara, ya kashe mutum wajen 30, mafi yawansu masu kiwo. Mutum yana ɗaukar sa ta jini, da ɗan ɓari, da mahaifa, da ɗanyen nono. Babu maganin birus nasa. Kada a taɓa ɓari da hannu tsirara, a sa leda. Kada a yanka bisa mai ciwo. A tafasa nono.

Murar tsuntsaye. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da ita a Magarya, jihar Damagaram, jim kaɗan bayan ta ɓulla a Najeriya. Ga kaji babu magani. Ga mutumin da ya kamu, Tamiflu yana taimako in an fara da wuri, kuma likita ne ke ba da shi. Wanda ya taɓa matattun kaji sa'an nan ya ji zazzaɓi da tari, ya je gidan likita ya faɗi abin da ya taɓa. Yara kada su fige kazar da ta mutu da kanta.

Abin riƙewa

Antibiyotik na bakteri ne, ba ya kashe birus.
Maganin birus yana nan ga mutane, kowane da cutarsa, kuma likita ke ba da shi.
Na shanu, awaki, tumaki, raƙuma da kaji babu shi a kasuwa.
Ba a ba bisa maganin birus na mutane.
Mai shan maganin sida ko na hanta kada ya tsallake rana.
Rigakafi tun bisa tana lafiya, keɓe baƙuwa sati 3, jinya, da sanarwa da wuri.

Dattijon nan da na fara da zancensa, mun ware masa marasa lafiya, na yi allura ga waɗanda huhunsu ya taɓu, matarsa da jikokinsa suka riƙe jinya. Wasu sun tashi, wasu ba su tashi ba. Waɗanda suka tashi, PPR ba za ta sake kama su ba. Mun yi wa garkunan maƙwabtansa rigakafi cikin satin. Da gangamin shekara ya zagayo, shi ya fara isowa wurin allura, ya ce mini: "Likita, har ƴan ƙananan na kawo, ka ƙirga da kanka."

Duk mai tambaya kan wannan darasi, ya kai ta ga ma'aikacin kiwo na yankinsa ko mataimakin kiwo na ƙauyensu. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah ya tsare mana garke.